Fina-finan 'Yan Tsana da Suka Dawo Daga Mantuwa

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau majigi za mu je, amma majigin da ya girmi kakannin da yawa daga cikinmu. Zancenmu a kan waɗansu gajerun fina-finai ne da aka yi shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, waɗanda 'yan wasansu ba su da rai: 'yan tsana ne, da tsinken ashana, da matattun ƙwari, da curin yumɓu. Amma da an haska su a bango sai ka ga suna tafiya, suna rawa, suna dambe. Da yawansu sun ɓace har abada. Waɗansu kuma sun kwanta cikin gwangwani shekara da shekaru, har aka manta da wanda ya yi su, sannan Allah ya kawo mai buɗe gwangwanin.

Bari mu fara da yadda ake yin abin, don sai mai sauraro ya san wahalarsa zai san darajar abin da aka tsinto.

Fim dai hotuna ne tsayayyu da ake jerawa a guje a gaban ido. A zamanin fim mara magana, wajen hoto 16 ke wucewa a daƙiƙa guda. Da magana ta shigo fim sai aka tsayar da shi a kan 24. Ido ba ya iya raba su, sai ya ga motsi. To, ku tuna saniyar laka da yara ke ginawa a bakin rafi. Ka ajiye ta gaban kyamara ka ɗauki hoto ɗaya. Ka ɗan ɗaga mata ƙafar gaba kaɗan, ka janye hannunka, ka sake ɗauka. Ka ƙara ɗagawa, ka ɗauka. Haka za ka yi ta yi. In ka jera hotunan ka haska, saniya za ta taka da kanta, hannunka kuwa ba wanda zai gan shi. Wannan ita ce dabarar matsa-ka-ɗauka. Ku yi lissafi: a hoto 16 kowace daƙiƙa, minti ɗaya kacal na bukatar hoto 960. In gwiwar hannunka ta bugi teburin a hoto na 700, ko rana ta karkata haske ya canza, aiki ya koma baya, kuma ba za ka sani ba sai an wanke fim ɗin. A wancan zamani babu allon da za ka duba abin da ka ɗauka. Da ka ake riƙe motsin gaba ɗaya.

Mutumin da na fi so mu daɗe a kansa yau ba ɗan fim ba ne ma. Sunansa Alexander Shiryaev, an haife shi a 1867 a birnin Santa Fitasbag na ƙasar Rasha, ya rasu a 1941. Sana'arsa rawar bale, wato rawar dandamali da ake ba da labari da motsin jiki ba tare da an buɗe baki ba. A babban gidan wasa na Mariinsky ya yi aiki, ya kai matsayin mataimakin Marius Petipa, shahararren mai tsara raye-rayen gidan. Ɓangaren da Shiryaev ya fi ƙwarewa shi ne raye-rayen gargajiya na al'ummu daban-daban, yadda ake gyara su a hau da su dandamali.

Akwai abin da ke damunsa. Waƙa ana rubuta ta, kiɗa ma Turawa suna da hanyar rubuta shi, amma rawa a jikin mai yin ta take zaune. Ran da ya tsufa ko ya mutu, ta tafi da shi, sai ɗan abin da almajiransa suka riƙe. A wata tafiya da Shiryaev ya yi zuwa Landan ya sayo ƙaramar kyamara mai cin fim siriri, mai faɗin milimita 17.5. Ya je wa hukumar gidan wasan da tayin zai ɗauki manyan 'yan rawarsu a fim kyauta, don a adana. Suka ƙi. A lokacin ana kallon silima a matsayin abin nishaɗin 'yan kasuwa da filin baje koli, bai kai ya shiga gidan wasan sarki ba.

Da aka hana shi mutane, sai ya ƙera nasa 'yan rawar. Ya haɗa 'yan tsana da jiƙaƙƙiyar takarda da gam, tsayinsu santimita 20 zuwa 25, ya sa musu waya mai lanƙwasuwa a gaɓoɓi don su tsaya a duk yadda ya ajiye su. Ya ɗinka musu kayan wasa. Ya gina ɗan ƙaramin dandamali a ɗakinsa, da labule da komai, kwatankwacin na gaske. Tsakanin 1906 da 1909 ya yi ta kai da komo tsakanin kyamara da wannan ɗan dandamali: ya gyara hannu, ya koma ya ɗauka, ya dawo ya juya wuya, ya koma ya ɗauka. Waɗanda suka san shi sun ba da labarin cewa sawunsa sai da ya cinye katakon daɓen ɗakin a wannan 'yar hanya.

Ni a wurina abin da ya bambanta aikinsa da na sauran mutanen zamaninsa shi ne ilimin jiki. Wanda ya shekara da shekaru yana rawa ya san cewa kafin mutum ya yi tsalle sai ya ɗan durƙusa, ya san inda nauyi ke komawa idan aka ɗaga ƙafa ɗaya, ya san kai ke fara juyawa kafin kafaɗa ta bi. Duk wannan ya zuba shi a cikin 'yan tsanarsa. Akwai fim ɗinsa da 'yan tsana biyu masu fararen kaya ke jefa wa juna ƙwallo. Ka tsaya ka yi tunani: ƙwallon da kake gani a sama, a kowane hoto a tsaye take cak, an rataye ta, an matsa da ita kaɗan. Amma a bango sai ka ga ta tashi, ta yi baka, ta faɗo hannun ɗayan, shi kuma ya ɗan sunkuya ya karɓe ta kamar tana da nauyi. Yana da wani mai suna Wasan Harlequin, na 1909, da ya kasa shi fage-fage kamar cikakken wasan dandamali. Ban da 'yan tsana, ya zana raye-raye a kan dogayen takardu, zane bayan zane, ciki har da rawar da shi da kansa ya yi da kewayayyen ƙarfe a wasan Nutcracker na 1892.

Duk wannan aiki bai taɓa kai shi gidan silima ba. A gida yake haska wa ɗalibansa da abokan sana'a. Bayan rasuwarsa kayan suka zauna a hannun iyali, daga baya suka koma hannun wani mai ɗaukar hoton 'yan rawa, Daniil Saveliev, wanda ya adana su. Sai a 1995 wani mai binciken tarihin rawa kuma mai shirya fim, Viktor Bocharov, ya kai ga wannan taska. A 2003 ya fitar da fim na tarihi a kanta, a 2008 kuma aka nuna fina-finan a bikin fina-finai marasa magana na garin Pordenone a Italiya. Kamfanin Aardman na Ingila, masu fina-finan yumɓu na Wallace da Gromit, sun sa hannu wajen gyara su da mayar da su kwamfuta. Wajen shekara ɗari tsakanin lokacin da mutumin ke kai da komo a ɗakinsa da ranar da duniya ta zauna ta kalla.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, kafin bayyanar wannan taska, in ka buɗe littafin tarihin fim ka tambaya wa ya fara fim ɗin 'yan tsana a Rasha, suna ɗaya za a ba ka: Ladislas Starevich. Kuma ya cancanci sunan da ya yi. An haife shi a Mosko a 1882, iyayensa 'yan asalin Folan ne, ya tashi a garin Kovno, wanda yau ake kira Kaunas a ƙasar Lituweniya. Shi ma ba da niyyar wasa ya shigo ba. Mai sha'awar ƙwari ne, yana aiki da gidan adana kayan halitta na garin. A 1910 ya so ya ɗauki faɗan wasu manyan ƙwari masu ƙaho, dangin buzuzu. Ƙwarin nan da dare suke harkarsu, da an kunna musu fitilar ɗaukar fim sai faɗa ya mutu. Sai ya ɗauki matattunsu, ya cire ƙafafun, ya maye su da siririyar waya, ya liƙe da kakin zuma, ya shirya faɗan da hannunsa hoto bayan hoto.

Da ya ga abin ya yi, sai ya koma Mosko ya shiga kamfanin Khanzhonkov. A 1912 ya fitar da fim ɗin da har yau aka fi saninsa da shi, Ramuwar Mai Kyamara. Labarin maigida buzuzu ne da ya fita shaƙatawa, ya ture wani fara a kan wata 'yar rawa, bai san faran nan mai ɗaukar fim ba ne. Fara ya hau kekensa, kyamara a baya, ya bi su a ɓoye ya ɗauki komai. Ran da buzuzu ya kai matarsa silima, ashe faran ne mai haska fim, sai ga asirin maigida a bango, gaban jama'a. Ƙwarin suna sa hula, suna ɗaukar jaka, suna kaɗa ƙaho in ransu ya ɓaci. Waɗansu masu kallo na lokacin sun ɗauka ƙwari masu rai aka horar.

Bayan juyin juya halin Rasha ya koma Faransa a 1920, ya zauna kusa da Faris yana aiki da 'yarsa Irène har ya rasu a 1965. Starevich bai ɓace kamar Shiryaev ba, amma fina-finansa sun warwatsu a ƙasashe, an canza wa waɗansu suna, an yanke waɗansu, sai da masu adana fim suka yi ta tattarawa. Abin lura shi ne, mutum biyu a ƙasa ɗaya, shekaru kaɗan tsakaninsu, kowa ya gano dabara iri ɗaya don yana son ya kama wani motsi da kyamara ta kasa kama masa kai tsaye. Ɗaya ya shiga littafi don ya sayar da aikinsa a kasuwa. Ɗaya kuwa sai da aka yi kusan shekara 90 kafin a san ya riga shi.

Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce wane ne ya fara abu kaza a tarihin fim, nakan so a ƙara da cewa: a cikin abin da ya tsira. Ku dubi Ingila. Akwai ɗan gajeren fim na Arthur Melbourne-Cooper inda tsinkayen ashana ke hawa tsani suna rubutu a bango, suna roƙon jama'a su ba da kuɗi a aika wa sojoji ashana. Har yau masana na jayayya: waɗansu sun ce na 1899 ne, lokacin yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, waɗansu sun ce na 1914 ne, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shekara 15 ke tsakani, kuma a kan wannan tazara ne matsayin fim ɗin ya rataya. A Amurka ana yawan ambaton The Humpty Dumpty Circus na kamfanin Vitagraph, wanda aka yi da kayan wasan yara, amma fim ɗin kansa ya ɓace. Haka wata mata mai sassaƙa a birnin New York, Helena Smith Dayton, ta shirya labarin Romeo da Juliet da mutum-mutumin yumɓu a 1917. Jaridun lokacin sun yi rubutu a kai. Fim ɗin babu shi.

Me ya cinye su haka? Na farko, jikin fim ɗin kansa. Har zuwa wajen 1951, fim ɗin gidajen silima da sinadarin naitiret ake yin sa, ɗan uwan albarushi. In ya kama wuta ko a ruwa ka tsoma shi ba ya mutuwa, don yana samar wa kansa iskar da yake ci. A 1937 rumbun kamfanin Fox a jihar New Jersey ya kama da wuta a tsakiyar zafi, akasarin fina-finansu marasa magana suka ƙone a dare ɗaya. In wuta ba ta ci shi ba, shekaru za su ci: ya fara danƙo, ya yi kumfa, ya dunƙule, a ƙarshe ya zama gari mai ruwan ƙasa. Na biyu kuma, kuma wannan ya fi ciwo, ganganci ne. Da fim mai magana ya shigo a ƙarshen shekarun 1920, kamfanoni suka ga tsofaffin ba za su ƙara kawo ko sisi ba, suka narkar da da yawa don a tsamo azurfar da ke jikinsu. Wani bincike da babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace ɗungurungum. Wannan lissafin manyan fina-finai ne masu taurari. Gajerun da ake sakawa kafin babban fim don a ɗumama kujera, su ba a ma damu da ƙirga su ba.

Akwai wani labari da nake jin daɗinsa, na yadda ake tsintar mutum sukutum. Raymond Borde, wanda ya kafa gidan adana fina-finai na garin Tulus a Faransa, yakan bi masu yawon nuna majigi a kasuwanni da wuraren biki yana sayen tsofaffin gwangwanayensu. A shekarun 1960 ya samu waɗansu da aka rubuta wa Bricolo. Ya haska, ya ga abin da bai taɓa gani ba. Wani siririn mutum mai ƙere-ƙere ya ɗora kwandon ƙwai a kan injin mota, zafi ya ƙyanƙyashe su, sai ga ƙananan motoci ƙirar Ford suna fasa ɓawo suna fitowa, suna gudu a ƙasa, suna komawa ƙarƙashin uwar mota. Ba sunan ɗan wasa, ba na kamfani. Borde ya yi ta cigiya bai samu wanda ya san Bricolo ba, sai da ya ci karo da wata talla a tsohon kundin 'yan fim. Ashe sunan da Faransawa suka laƙaba wa wani Ba'amurke ne, Charley Bowers. Da taimakon Louise Beaudet ta gidan adana fina-finai na Montreal a Kanada aka fara haɗa tarihinsa, daga baya aka nuna fina-finan a bikin fina-finai na garin Annecy a Faransa.

Bowers ya yi zamani da Charlie Chaplin da Buster Keaton, ya yi jerin gajerun fina-finan barkwanci daga 1926, yana haɗa mutane na gaske da abubuwan da yake motsawa hoto bayan hoto. Fim ɗin ƙwan nan, Egged On, na 1926 ne. A 1930 ya yi It's a Bird, labarin tsuntsu mai cin ƙarfe, wanda ke haɗiye kakaki da tarkacen mota, ya kuma saka ƙwan da cikakkiyar mota ke fitowa daga ciki. Ya rasu a 1946, ƙasarsa ta manta da shi sarai. Masu yawon majigi na ƙauyukan Faransa ne suka riƙe shi ba da saninsu ba, don kawai fina-finan na sa jama'a dariya, ba su ga dalilin zubar da su ba.

(Gajeren kiɗa)

Kada mai sauraro ya ɗauka wannan sana'a ta tsaya a Turai da Amurka. A Jamhuriyar Nijar an yi Moustapha Alassane, haifaffen N'Dounga a 1942, wanda ya fara da kanikanci kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya kuma je Kanada ya ƙaro sani a wurin Norman McLaren. Yana cikin na farkon da suka yi fim ɗin zane a Afirka ta Yamma. Bon Voyage Sim na 1966 labarin shugaban ƙasar kwaɗi ne da ya tafi ziyarar aiki. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, da wannan dabara ta matsa-ka-ɗauka. Yana da wani mai suna Kokoa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke kokawa a fili, da makaɗa da 'yan kallo, yadda duk wanda ya taɓa zuwa filin kokawa a Nijar zai gane. A Tawa ya yi zaman ƙarshen rayuwarsa yana aiki da 'yan kayan da ya haɗa da hannunsa, ya rasu a Wagadugu a 2015. A 2017 gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya shirya nunin fina-finansa. Abin da ke damuna shi ne, ɗalibin fim a New York ya fi yaron Tawa ko na Katsina damar ganin Kokoa, alhali shi yaron ne zai gane kowane kamu da kowane kirari da ke ciki.

A Najeriya ma mun ga irin wannan tsintuwa, ko da yake ba fim ɗin 'yan tsana ba ne. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana ɗauka ya ɓace. A 2016 aka gano gwangwanayensa a ma'ajiyar hukumar fim ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Saboda haka ga 'yar shawara ga duk wanda Allah ya sa ya ci karo da gwangwanin fim, a ɗakin ajiyar makaranta ne, ko tsohon ofishin yaɗa labarai, ko cikin kayan mahaifi da ya taɓa aikin majigi. Kada a yi ƙoƙarin haska shi, tsohon fim ya bushe, haƙoran na'ura za su yayyaga shi. Kada a warware shi a ƙasa don a ga abin da ke ciki. A nisanta shi da rana da wuta da ɗakin girki, a sa shi wuri mai sanyi mara laima. In an buɗe an ji tsami kamar na ruwan kal, fim ɗin ya fara lalacewa, a raba shi da sauran don abin yana yaɗuwa. In kuwa ya yi danƙo ko ya fara zama gari, a yi hattara ƙwarai, yana iya zama mai kama wutar nan ne. A kwafe duk abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, ko a ɗauki hotonsa da waya, don sau da yawa wannan rubutu shi kaɗai ne shaidar sunan fim da shekararsa. Sannan a nemi ma'adanar fina-finai ta ƙasa da ke Jos a sanar da su.

Mai son ganin abin da muka yi magana a kai, Ramuwar Mai Kyamara yana nan a YouTube, a neme shi da sunan The Cameraman's Revenge, bai kai kwata na awa ba. In akwai yara a gida a zauna da su. Wayar hannu ma yanzu tana iya wannan aiki: a jingine ta kada ta motsa, a samo laka ko tsinken ashana, a matsa a ɗauka.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)